Yadda Ake Binciko Rayuwar Matan Gidan Charles Darwin, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ta yi ta dawowa daga ɗaliban tarihi da na kimiyya, musamman mata masu shirin rubuta aikin kammala karatu: a ina ake samun sahihin labarin matan da suka rayu tare da manyan masanan Ingila a zamanin Sarauniya Victoria, wato 1837 zuwa 1901? Littattafan makaranta sukan kawo mijin da bincikensa, matar kuwa sai dai a ce ta haifi 'ya'ya kaza. Na ɗauki gidan Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, domin takardun gidan suna nan birjik a intanet, kuma kyauta. Aikin nan na tarihi ne, bai rataya a kan yarda ko ƙin ra'ayin mutumin game da asalin halittu ba.

Abin da za ku tanada

Waya mai intanet ta isa, kodayake kwamfuta ta fi daɗin karanta hoton rubutun hannu. Sai littafin rubutu mai kauri, da biro kala biyu, da faffaɗan kwali irin na zane, da ƙamus na Turanci. Matakai shida na farko ba su cin komai sai data. A mataki na bakwai ne kuɗi ke iya shigowa, shi ma akwai hanyar ragewa. Ku ware mako uku zuwa huɗu in ana son aiki mai kyau.

1. Ku zaɓi mace ɗaya

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne a ce za a rubuta a kan "matan zamanin Victoria" gaba ɗaya. Ba ya ƙarewa, kuma ba ya faɗin komai. Ku tsaya a kan mutum guda.

Emma, matar Darwin, wadda aka haifa a 1808 ta rasu a 1896, ita ta fi kowa yawan takardu, har sukan yi wa sabon shiga yawa. 'Yarta Henrietta, 1843 zuwa 1927, ita nake ba mai farawa shawarar ya ɗauka, domin takardunta daidai ɗauka ne, kuma hannunta a cikin aikin mahaifinta a fili yake. Ƙanwarta Elizabeth, wadda ba ta yi aure ba, abin da aka bari game da ita kaɗan ne, sai mai haƙuri. A wajen gida, cikin matan da suka riƙa musayar wasiƙu da Darwin, akwai Mary Treat ta jihar New Jersey a Amurka, mai nazarin tsirrai masu cin ƙwari, da Lydia Becker ta Manchester, wadda ta fara da aiko masa bayanin furanni a 1863 kafin ta shahara a fafutukar ba mata 'yancin jefa ƙuri'a.

2. Ku zana nasabar gidan kafin ku karanta komai

Kada ku tsallake wannan mataki. Wanda ya tsallake shi zai ɓata kwanaki yana jingina maganar wata ga wata.

Gidan Darwin da gidan Wedgwood, masu masana'antar kwanukan tangaran, auren zumunci ya ɗinke su. Mahaifiyar Charles, Susannah, 'yar gidan Wedgwood ce, ta rasu a 1817 yana ɗan shekara takwas, yayyensa mata suka ci gaba da kula da shi. Emma 'yar kawunsa ce, an ɗaura aurensu ranar 29 ga Janairu, 1839. Shekara biyu kafin nan, yayarsa Caroline ta auri yayan Emma, Josiah. Ku rubuta gidajen biyu gefe da gefe a kan kwalin, kowane gida da kalar bironsa, ku ja layi tsakanin ma'aurata. A ƙarƙashin Charles da Emma ku jera 'ya'ya goma, ku yi alama a kan ukun da suka rasu suna ƙanana: Mary Eleanor a 1842 tana da 'yan makonni, Anne a 1851 tana shekara goma, da Charles Waring a 1858.

Gargaɗi na farko a nan shi ne canjin suna. Mu mun saba mace ta riƙe sunan mahaifinta ko ta yi aure. A can kuwa sunan miji take ɗauka. Caroline Darwin ta koma Caroline Wedgwood, Emma Wedgwood ta koma Emma Darwin, Henrietta Darwin ta koma Litchfield a 1871. Wani lokaci ma har sunan yanka na mijin ake laƙaba mata, sai ku ga an kira babbar yayarsa Marianne da Mrs Henry Parker. Kowace mace ku rubuta mata sunaye biyu da shekarar da ta canza.

Na biyu ya fi wannan rikitarwa: suna ɗaya, mata da yawa. Akwai Fanny har huɗu da za ku ci karo da su. Fanny Owen, budurwar da Charles ya so a samartakarsa. Fanny Wedgwood, yayar Emma, wadda ta rasu a 1832. Fanny matar Hensleigh, yayan Emma, 'yar gidan Mackintosh, wadda ita ma aure ya mayar Fanny Wedgwood. Sai Fanny Allen, innar Emma. Idan kun ga "Fanny Wedgwood" a wasiƙar 1851, to matar Hensleigh ce, ɗayar ta daɗe a ƙasa. Haka Elizabeth: sunan mahaifiyar Emma ne, sunan da ake kiran yayarta ne, kuma sunan 'yarta ne, ga shi uwar da jikar duka Bessy ake ce musu. Shekarar takarda ita ke raba gardama, shi ya sa dole kowane suna a kwalin ya kasance da shekarar haihuwa da ta rasuwa.

3. Ku shiga rumbun wasiƙu

Ku nemi Darwin Correspondence Project, shafin da ke ƙarƙashin ɗakin karatu na Jami'ar Cambridge. An fara aikin a 1974, an tattara wasiƙu sama da 15,000 da Darwin ya aika ko aka aiko masa, an buga su a juzu'i 30. Ba a neman rajista, ba a biyan ko sisi, kuma rubutu ne zalla, ba ya cin data sosai.

Ku rubuta sunan matar a akwatin bincike da sunanta na farko, sannan ku sake da na aure. Ku jera sakamakon bisa kwanan wata, ku fara daga mafi daɗewa. Kowace wasiƙa tana da lambarta. A littafinku ku buɗe shafi mai layi huɗu: lamba, kwanan wata, daga wa zuwa wa, da abin da ta ƙunsa a jumla ɗaya. Bayan wasiƙun da ita ta rubuta ko aka rubuto mata, ku nemo waɗanda aka ambace ta a ciki kawai. Sau da yawa nan ne naman yake.

Lura: kwanan watan da aka sa cikin baka mai kusurwa, wato [ ], ba marubucin wasiƙar ne ya sa ba, editoci ne suka ƙiyasta. Kada ku gina hujjar "wannan ya riga wancan" a kan irinsa sai kun karanta dalilinsu.

4. Ku karanta abin da ke ƙasan wasiƙa

Yawancin masu bincike suna karanta jikin wasiƙa su wuce. Matan kuwa a ƙasa suke, cikin ƙananan bayanan editoci.

Ku fara da layin da ke bayyana siffar takardar. In kun ga ALS, to mai wasiƙar ne ya rubuta da hannunsa ya sa hannu. In LS ne, wani ya rubuta masa, shi sa hannu kawai ya yi. Darwin mutum ne mai yawan ciwo, kuma wasiƙu da dama da ke ɗauke da sunansa da hannun wani aka rubuta su. Bayanin ƙasa yakan faɗi hannun wa ne. Kada ku yanke cewa duk LS hannun Emma ne, domin 'ya'yansa maza ma, musamman Francis, sun yi masa wannan hidima. Ku duba kuma ƙarshen 1863, lokacin da ciwo ya kwantar da shi sosai: za ku tarar Emma ce da kanta ke amsa wa abokansa masana, irin su Joseph Hooker, da sunanta.

Ga misalin da nake so kowa ya gwada da hannunsa. A littafin Darwin na ƙarshe, na 1881, wanda ya yi a kan tana, wato tsutsar ƙasa, da yadda take juya ƙasa, ya ambaci wata baiwar Allah da ya ce ya amince da ingancin aikinta, wadda ta shekara guda tana tattara ƙasar da tana ke turowa sama a wani ɗan fili da aka auna kusa da Leith Hill Place. Bai faɗi sunanta ba. To Leith Hill Place gidan yayarsa Caroline ne. Ku koma rumbun wasiƙu ku nemi Lucy Wedgwood, 'yar Caroline, a wasiƙun farkon shekarun 1870. Za ku same ta tana aiko wa kawunta rahoton ramukan tana da abin da ta auna. Budurwa ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, tana durƙuso a kan ciyawa rani da damina tana kwasar ƙasa, aka buga alƙalumanta a littafi, sunanta bai fito ba. Wannan ita ce dabarar aikin gaba ɗaya: ku ɗauki wuri ko kwanan wata daga littafin da aka buga, ku kai shi cikin wasiƙu, sunan zai fito.

Haka za ku yi da Henrietta. A farkon 1870 tana hutu a kudancin Faransa mahaifinta ya aika mata babin littafinsa na asalin ɗan Adam, wanda ya fito a 1871, don ta gyara. Ku karanta abin da ya roƙe ta ta duba, da godiyar da ya yi mata bayan littafin ya fito, inda ya kira ta abokiyar aikinsa.

5. Littattafan aljihun Emma

Shafi na biyu shi ne Darwin Online, wanda masanin tarihi John van Wyhe ya kafa. A nan aka ɗora ƙananan littattafan aljihu kimanin sittin da Emma ta riƙa rubuta abubuwan yau da kullum a ciki, daga 1824 har 1896. Hotunan shafuka ne, saboda haka suna cin data. Ku buɗe shekarar da kuke buƙata kawai, ku adana hoton shafin a waya don kada ku sake saukewa.

Kada ku shiga da tsammanin za ta buɗe muku zuciyarta. Kalma biyu ko uku ce a rana: wane ya zo, wance ta tafi, yaro ya kwana da zazzaɓi, an yi ruwa. Amfaninsu shi ne su faɗa muku wa ke ina a wace rana. Editocin wasiƙun ma da su suke gano kwanan wata, shi ya sa za ku riƙa ganin DAR 242 a bayanansu, lambar ajiyar littattafan ce a Cambridge. Rubutun hannunta zai ba ku wuya da farko. Ku fara da sunayen da kuka riga kuka sani daga kwalinku, daga nan idonku zai saba da yadda take lanƙwasa haruffa.

Ku gwada da watan Afrilu na 1851. Anne tana kwance a garin Malvern inda aka kai ta magani. Emma na gida a ƙauyensu na Down da tsohon ciki, ba ta iya tafiya, a watan Mayu ta haifi Horace. Ku ajiye shafin littafin aljihu a gefe ɗaya, wasiƙun da Charles ke aiko mata kullum daga bakin gadon yarinyar a ɗaya gefen. Sannan ku ƙirga matan da ke ɗakin jinyar: Jessie Brodie mai reno, 'yar Scotland, da Miss Thorley malamar yaran, da Fanny matar Hensleigh wadda ta baro nata gidan ta zo. Yarinyar ta cika ranar 23 ga Afrilu. Charles ya koma gida wurin matarsa kafin jana'iza, Fanny ce ta tsaya aka binne yarinyar. Brodie kuwa ta bar aikin gidan bayan rasuwar. Duk wanda ya karanta waɗannan takardu a jere ba zai ƙara rubuta labarin makon nan da sunan uba shi kaɗai ba.

6. Littattafan da dangi suka tace

Henrietta ta tattara wasiƙun mahaifiyarta da na iyayenta mata, ta buga wa dangi a 1904, sannan aka fitar wa jama'a a juzu'i biyu a 1915. Yana nan kyauta a Darwin Online. Ba abin da ya kai shi nuna rayuwar cikin gida, sai dai 'ya ce ke zaɓen abin da duniya za ta gani game da uwarta, ta datse, ta tsallake. Duk wasiƙar da ke cikinsa wadda kuma ke rumbun Cambridge, ku gwama su biyun, ku rubuta abin da aka cire.

Tarihin rayuwarsa da Darwin ya rubuta da kansa ma an tace shi. Dangi sun cire wasu sassa da suka shafi addini kafin bugun 1887, kuma Emma na cikin waɗanda suka nemi a cire. Jikarsa Nora Barlow ce ta maido su a bugun 1958. Ku tabbatar wane bugu ke hannunku.

Hattara da labarin da ke yawo cewa wata Lady Hope ta ziyarce shi a gadon ajali ya janye ra'ayoyinsa. A 1915 labarin ya fito, shekara 33 bayan rasuwarsa, kuma Henrietta ta ƙaryata shi a rubuce a 1922. In za ku kawo shi, ku kawo shi tare da musun.

7. Ƙidaya, don samun masu aikin gida

Masu reno da masu girki da masu shara ba su bar wasiƙu da yawa ba. Takardun ƙidayar Ingila ne ke riƙe da su. Ana yin ta duk shekara goma, kuma daga 1841 aka fara rubuta sunan kowa. Ta 1851 zuwa gaba ta fi amfani, domin tana faɗin matsayin mutum a gidan, da shekarunsa, da garin haihuwarsa. A ta 1841 an riƙa rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 29 a rubuta 25, don haka kada ku lissafa shekarar haihuwa da ita.

Ku buɗe rajista kyauta a FamilySearch, ku nemi gidan Darwin a ƙauyen Downe, wanda ke cikin Kent a wancan lokaci, inda suka tare a 1842. A tsoffin takardu Down ake rubutawa, ku gwada duka biyun. Don haihuwa da aure da mutuwa, FreeBMD na da jerin sunaye kyauta tun daga Yulin 1837. Ganin hoton ainihin shafin ƙidaya yakan buƙaci biyan kuɗi a Ancestry ko Findmypast, kuma da kuɗin waje ake biya. Shawarata, kada ku biya sai kun gama matakai shida na baya kun jera sunayen da kuke nema, sannan ku yanki wata ɗaya tak, ku kashe sabuntawa ta atomatik tun ranar farko. Ku fara tabbatarwa katin bankinku yana biya a waje.

Ƙidaya tana kama wanda ya kwana a gida a dare ɗaya ne kacal. Ta 1851 an yi ta a daren 30 ga Maris, lokacin an riga an tafi da Anne Malvern. Rashin ganin suna a gida ba ya nufin mutum ya bar gidan.

8. Kuɗi da doka

Kuɗin da za ku gani fam ne da sule da kwabo, irin wanda Nijeriya ta yi amfani da shi kafin naira ta zo a 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. In an rubuta £2 10s 6d, fam biyu ne da sule goma da sisi. Kada ku juya shi kai tsaye zuwa naira, lissafin ba zai ba da ma'ana ba. Ku gwada adadi da wani adadi na zamanin. Mahaifin Emma ya yanka mata fam 400 a shekara lokacin aurenta, ban da dunƙulen fam 5,000. A ranar 5 ga Yuli, 1844, Charles ya rubuta mata wasiyya cewa in ya mutu ba zato, ta ware fam 400 a buga daftarin ra'ayinsa game da jinsunan halittu, ta kuma nemo editan da ya dace. Ita ya danƙa wa amanar, alhali ya san damuwar da take ciki game da shakkunsa na addini, domin ta rubuta masa wasiƙa a kan haka tun farkon aurensu.

Ku riƙe shekarun nan a gefen shafi don kada ku yi wa matan hukunci da ma'aunin yau. Kafin dokokin 1870 da 1882, dukiyar matar aure a ƙa'ida tana komawa hannun miji, sai dai gidajen masu hali sukan kare 'ya'yansu da yarjejeniya kafin aure. Ƙungiyar masana halittu ta Linnean ba ta karɓi mata ba sai 1904, ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society sai 1945, Jami'ar Cambridge ba ta ba su cikakken digiri ba sai 1948. Neman sunan Lucy ko Henrietta a jerin mambobin irin waɗannan wurare ɓata lokaci ne.

9. Rubutawa

Ku jera rayuwarta bisa shekaru a shafi ɗaya tukuna, kowane layi da lambar wasiƙa ko shafin da ya tabbatar da shi. Layin da ba shi da madogara ku soke. Sannan ku rubuta, kuna bambanta abin da takarda ta faɗa da abin da kuka fahimta daga gare ta.

Ramuka biyu ke nan gaba. Ɗaya shi ne a mayar da Emma mai jinya kawai, ko mai adawa da aikin mijinta, alhali mace ce mai jin Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, wadda ta karanta rubuce-rubucensa tana yi masa gyara. Ɗayan shi ne zuzutawa, a ce Henrietta ce ta rubuta littattafan a ɓoye. Takardu ba su faɗi haka ba, abin da suka faɗa kuma ya isa a yi alfahari da shi. Kada kuma ku ɓoye cewa mutumin da ya dogara da waɗannan mata shi ne ya rubuta a 1871 cewa maza sun fi mata ƙarfin tunani. Wata Ba'amurkiya, Caroline Kennard, ta rubuto masa a Disambar 1881 tana tuhumar wannan magana, ya amsa a Janairun 1882, ita kuma ta sake mayar masa da martani cewa a ba mata irin damar da aka ba maza kafin a auna su. Wasiƙun uku suna rumbun Cambridge, kuma a ganina duk aikin da ya shafi matan gidan nan ya kamata ya kawo su.

Wajen kafa hujja, ku rubuta mai aikawa, da wanda aka aika wa, da kwanan wata yadda editoci suka sa shi har da bakansa in akwai, da lambar wasiƙar. In daga littafin aljihun Emma ne, ku sa shekara da rana. In daga littafin Henrietta ne, ku faɗi ko bugun 1904 ne ko na 1915, domin shafukansu ba ɗaya ba ne.